Ba a Buɗe Mata Ƙofa Ba

Mama MaNgubane, ina gaisuwa. Don girman Allah ki taimake ni, ki kuma karanta wasiƙar nan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Na san da kin ga maganar mota za ki ce ga wani ƙato da ya girma bai san ya girma ba. Abokaina ma abin da suke cewa ke nan. Na canza sunaye, ko da yake a Pinetown duk wanda ya san jar motar ya san ni.

Ina da 'yar Mazda tsohuwa mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta a bar kai a iska. A kwance na same ta a bayan wani gareji, kaji na ƙwai a ciki, na yi shekaru ina tashinta da hannuna. Ban yi aure ba, ba ni da ɗa, don haka kujera biyu ba su taɓa yi mini kaɗan ba. Yayata Khethiwe, wadda ta goya ni a bayanta, ita ta fi kowa yi wa motar nan tsiya. Takalmin gwauro take ce mata. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Auta, yanzu in Allah ya taimake ka wata ta yarda da kai, surukarka a ina za ta zauna, a kan taya?" Amma duk Lahadi in an taso daga coci ita ce ta farko a ciki. Ta tuɓe ɗankwali ta cusa a jaka, mu bi bakin teku har Umkomaas, tana ihu in rage gudu. In na rage kuma ta ce wai jaki na saya ne.

Bara ciwo ya kwantar da ita, ta rasu a asibiti a Durban. Kin san yadda muke yi, wanda ya mutu nesa da gida sai an je an ɗauko kurwarsa da reshen magaryar kura, ana yi masa magana a hanya har a kai shi. Baffanmu ya kamata ya ɗauko ta a motar gawa, amma mahaifiyarmu ta ce a'a, Auta ya kawo ta a takalmin nan nasa, shi take so. Na shiga ɗakin da ta cika, na shafa reshen a gadon, na ce Yaya, ni ne, tashi mu tafi gida. Na kwantar da shi a kujerarta, na ɗaura masa bel. Daga Durban har garinmu Eshowe ban yi wa kowa magana ba sai ita, ban kuma waiga ba. Kowace gada na faɗa mata, kowace mararraba. Da muka zo kogin Thukela na ce Yaya ga ruwa, kada ki ji tsoro. Yarinyar da ke karɓar kuɗin hanya ta ga reshen, ta sunkuyar da kai.

To ga inda abin ya lalace. Ina shiga gida mata suka ɓarke da kuka, mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi a bakin garke, na fita daga motar da gudu na yi kanta. Kafin in dawo baffa ya miƙa hannu ta sama, tunda rufin a naɗe yake, ya ɗauke reshen ya shiga da shi ɗakin kakanni. Ba a buɗe ƙofar motar ba, Mama. Ba wanda ya ce mata mun iso, sauko. Ni na ɗauko ta, ni ya kamata in sauke ta. Sai bayan an binne ta, ina hanyar dawowa, na duba gefena na ga bel ɗin a ɗaure yadda na ɗaura shi. Har yau ban kwance ba.

Ina zuwa coci, na yi makaranta, na san abin da fasto zai ce. Amma zuciyata ta ƙi ji. In na shiga motar da safe gaishe da Yaya nake yi, kuma tun ranar ba wanda ya zauna a wurin.

Ta bar 'ya'ya biyu, Nomvelo mai shekara goma sha uku, da ƙaninta Zethembe da bai daɗe da shiga makaranta ba. Tsohuwa ba ta da ƙarfin riƙe su, makarantarsu kuma a nan take, sai suka dawo hannuna. Kullum su tsaya a bakin titi jiran bas, ni in wuce su da kujera babu kowa. In za mu Eshowe su shiga ta haya, in bi bayansu. Rannan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Zethembe na kwance da mura a wurin maƙwabciya, Nomvelo ta makara, sai ta biyo ni da gudu ta kama hannun ƙofar. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta saki, ta dube ni, ta ce, "Yi haƙuri Kawu, na manta takalmina da laka." Kash! Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar ko kallon motar ba ta yi, ni da ita sai gaisuwa.

Yanzu dangin ubansu na Newcastle, waɗanda ko saniya ɗaya ta sadaki ba su kawo gidanmu ba tun Yaya na da rai, sun aiko wai a ba su Nomvelo. Ita kaɗai fa, tunda ta isa aike da wanke-wanke, ƙaramin ko sunansa ba su ambata ba. An sa zama a hutun Ista. Abin da ya kashe mini jiki, yarinyar da bakinta ta ce wa kakarta za ta je, wai kada ta takura wa Kawu. Shi kuwa Zethembe ko barci ba ya yi sai ya riƙe bakin rigarta.

Wani abokina dillalin motoci ya kawo mini Golf mai ƙofa biyar, irin mai zafin nan da yaran unguwa ke bi da ihu in ta yi tari. Ya ce mu yi musaya, akwai wani mutumin Johannesburg da ya ƙwallafa rai a kan tawa. Na gwada ta, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, tana tashi. Har dariya na yi ni kaɗai a hawan Field's Hill, sai kunya ta rufe ni. Ga wurin yara, ga wurin tsohuwa, ga baya da zai ɗauki buhun masara. Ya ce, "Haba mutumina, me kuma kake nema? Gudu ga shi, kujeru ga su. Ko auren jar nan ka yi ba mu sani ba?" Na yi yaƙe na ce zan yi tunani. Ta ina zan fara gaya masa cewa in na bayar, wani baƙo zai tafi da yayata garin da ba ta san kowa ba, ya ɗora budurwarsa a kanta?

Riƙe duka biyun ba zan iya ba. In gaya wa tsohuwa 'yarta ba ta shiga gida ba, ina tsoron ya ƙarasa ta. In gaya wa baffa, zai ji kamar na ce ya ɓata aiki. In na bar motar na yasar da Yaya, in na riƙe ta zan rasa 'yarta. Na gaji, Mama. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Mai Takalmin Gwauro, Pinetown

Ɗana,

Na karanta har ƙarshe, kuma ban yi dariya ba. Allah ya ba yayarka hutawa, ya ba ku haƙurin rashi.

Ba zan ce maka tana cikin motar ba, ba kuma zan ce ba ta ciki. Wannan ya fi ƙarfin shafin jarida, ya fi ƙarfina. Abin da na sani shi ne an ba ka aiki, ka yi shi da dukan zuciyarka, aka katse maka shi a bakin ƙofa don mahaifiyarka ta faɗi. Da ka tsaya yi wa reshe jawabi tsohuwa na kwance a ƙasa, Khethiwen da ka kwatanta mini ita za ta fara wanke ka tas. Baffanka ma ba mugunta ya yi ba, ya ga aiki a tsaye ne ya sa hannu. Ka daina neman mai laifi a ranar.

Inda zan ja maka kunne shi ne shirun da ka yi. Kai ka san dalilin tsawar nan, Nomvelo ba ta sani ba. Abin da ta gani kawai, uwarta ta mutu, kawunta kuma ya gwammace kujera ta tafi babu kowa da ta zauna a kai. Yarinyar da ke ba da haƙuri a kan lakar takalmi ta riga ta fara ganin kanta kaya a gidanka. Ba Newcastle take so ba, hanya take ba ka. Ka zaunar da ita a makon nan, ka faɗa mata komai yadda ka faɗa mini, har maganar bel ɗin. Shekarunta sun kai ta ji, kuma uwarta ce. Za ku yi kuka, ku yi abinku.

Daga nan sai baffa. Ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, kada ka ce an yi kuskure, ka ce zuciyarka ce ba ta kwanta ba. Dattawanmu sun ga irin wannan, kuma aikin da ya tsaya a rabi akwai yadda ake ƙarasa shi. Su suka san abin da za a turara da abin da za a faɗa. In hankalinka zai fi kwanciya fasto ya zo ya yi addu'a, ka kira shi, gidaje da yawa suna haɗa biyun. Ita kuwa tsohuwa, ina ganin raina ta kake yi. Matar da ta tsaya a tsakiyar makoki ta ce a kawo 'yarta a motar da take so ba za ta kasa ɗaukar wannan ba. A raba mata jikoki ne zai karya ta.

Kafin Ista ka tuƙa motar zuwa gida, ka tsaya inda ka tsaya rannan, yaran na wurin. Ka kwance bel ɗin, ka buɗe ƙofar, ka faɗa wa yayarka abin da ba ka samu faɗa mata ba tun bara.

Maganar musaya kuma, na san ba ƙarfe kawai za ka bayar ba. Shekarunka ne a jikinta, da Lahadinku. Ka yi baƙin cikinta, haƙƙinka ne, kada ka bar abokai su mai da shi abin tsokana. Da za ka iya riƙe biyun da na ce ka rufe ta da tamfol ka ajiye. Ka ce ba za ka iya ba, to gida mai mutum uku ba ya tafiya da kujera biyu. Ka yi musayar, amma bayan ka dawo daga Eshowe, ba lokacin da dillali ya ga dama ba. In mutumin Johannesburg ba zai jira ba, wani zai zo. Ka kai Golf ɗin wurin makanikin da bai san abokinka ba, don motoci masu zafi sukan sha wuya a hannun samari kafin su iso kasuwa. Dariyar da ka yi a Field's Hill ba cin amana ba ce, alama ce da sauranka. Sai dai in yara na baya, ƙafarka ta yi hankali.

Su kuma mutanen Newcastle, kada ka je zaman da maganar saniya a baki, faɗa kawai za ta jawo. Jininsu ne, suna da haƙƙin ganin yaran, ka ba su lokacin hutu da fuska a sake. Amma a raba yara biyu da ba su gama kukan uwarsu ba, wannan kada ka yarda ko da wa ya roƙe ka.

Ka sani dai sabuwar mota ba za ta yi magana a madadinka ranar zaman ba. Za a tambayi yarinyar nan a gaban kowa inda take so ta zauna, kuma amsarta tana rataye da abin da ta ji daga bakinka kafin ranar. Na bi wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka ce mata kana so ta zauna tare da kai. Ban gani ba. Ka je ka faɗa mata.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ya raya Nomvelo da Zethembe a inuwa ɗaya, ya kai ka Eshowe lafiya ya dawo da kai da sauƙin rai.

Mama MaNgubane