Rijiyar Gas da Tuffar Orval

Jikokina, ga kacici-kacici: wace uwa ce za a kayar da ita bana, bayan shekara huɗu ta haihu a gidan maƙwabta? Ku riƙe, ga wasiƙar makon nan.

Kaka Verna, ki taimake ni, kaina ya kulle. Masu haƙar gas sun zo kwarinmu. Sun ce doka ta hana a haƙa rijiya mai zurfi kusa da wata, sai da tazarar ƙafa dubu uku. Da suka gama aune-aune, wuri biyu kawai ya rage: ko lambun tuffata, ko bakin gidan ƙanena Delmer. Tuffar nan mijina Orval ne ya dasa, guda tara, shekarar da muka yi aure. Ya rasu bara. Har yanzu ina zuwa ƙarƙashinsu in ba shi labarin kaji. Shi kuwa Delmer haƙar kwal ta cinye masa huhu, da robar iska a hanci yake yawo. Ƙurar manyan motoci za ta ƙarasa shi. Ya ce in ƙi sa hannu a kan lambun, a haƙa a wurinsa, wai shi ya saba da ƙura. Ƙarya yake, tun yana yaro haka yake ƙarya. Ranar Alhamis suke son amsa.
Mai Tuffa, daga Doddridge

'Yata Mai Tuffa, ke ma ƙaryar kike, kin riga kin san amsar, so kike tsohuwa ta faɗa miki. Ba na raina kewarki. Nawa tsohon da ya rasu, rigarsa na nan a ƙusa shekara goma, har kyanwa ta gaji da ita.

Ki fara rubuta wa hukumar da ke kula da tazara, ku sa hannu ke da Delmer, ku nemi a matsar da rijiyar. Wani lokaci suna sassautawa. In sun ƙi, ki ba da lambun. Orval ba ya numfashi da tuffa, Delmer kuwa da sauran huhunsa yake yi.

Amma ki sa sharaɗi a rubuce: ba sara sai sanyi ya wuce. A Fabrairu ki yanko ƙananan rassa daga kowace bishiya, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, da bazara a yi musu aure da 'yan dashe a bayan gidan Delmer. Sai ki riƙa kai labarin kajin can, inda akwai mai amsa miki. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba Delmer sauƙi.

Amsar kacici-kacicin kuwa bishiyar tuffa ce. Reshen da aka ɗaura a sabon gindi, 'ya'yan uwarsa yake yi, ɗanɗano ɗaya.