Sunana a Ƙarshen Jerin Marubuta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ƙarin Girma na cibiyarmu ta bincike da horar da likitoci, Abuja.

Ranka ya daɗe Farfesa, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da sauran 'yan kwamiti suna lafiya. Na rubuto wannan a fili ne saboda wasiƙu biyun da na aiko a rufe suna kan teburin sakatarenka, ya ce mini ana duba su. Na gan su da idona, an ɗora musu kofin shayi.

Saboda masu karatu da ba su san ni ba: ni likitan tiyata ne, aikina cire maƙoƙo daga wuyan mutane, sannan in binciki ƙwayoyin halittar abin da na cire. Kwamitinka ya hana ni muƙamin farfesa bisa dalili guda, wai a duk maƙalun da na buga a mujallun kimiyya babu inda sunana ya zo farko. Ban musa ba, sunana ne na ƙarshe a kowacce. Ga yadda aka yi.

Na farko. Lokacin da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni ne ƙarami a sashenmu, don haka ni aka turo gaba. Manya suka tsaya sai an gama musu gidaje. Na zo a gaban motar kaya, rungume da kular ƙanƙara mai ɗauke da samfuranmu, muna tsayawa gari-gari ina neman mai sayar da ƙanƙara. Da na sauka, duk ranar kasuwa ina Tungan Maje ina duba wuyan mata manoma, ina lallashinsu su yarda a yi musu aiki, su kuma yarda in ajiye ɗan abin da na yanko a firiza.

Da aikin ya zama maƙala, mai buga mana tafireta ya jera sunaye yadda muke zama a taro: shugaban sashe, mataimakinsa, sai sauran bisa shekarar da kowa ya kama aiki. Babu wanda ya umarce shi, ni ma ban ga aibun abin ba. Mu da ko gaisuwa ba ma fara ta kan ƙarami, ina zan sa sunana a kan na malamaina?

Wannan maƙala ita ce masu bincike na ƙasashen waje suka fi ambata cikin duk abin da cibiyarmu ta taɓa bugawa. Ba ni na faɗa ba, takardar ƙirgar ambato da kwamitinka ya ciro daga kwamfuta ce ta nuna. Sunanka ne na biyu a jikinta, ranka ya daɗe. Kai likitan ƙashi ne, kuma a lokacin kana Legas kana jiran a sa wa gidanka tagogi. Ba gori nake maka ba. Na san maƙalar tana cikin fayil ɗin da ya kai ka kujerar da kake kai, kuma har walimar na zo na ci.

Na biyu. Ashe a wurin masu binciken ƙwayoyin halitta na duniya, wanda ya yi aikin da hannunsa shi ke zuwa farko, jagoran ɗakin bincike kuma ya zo ƙarshe. Sai wasiƙu suka riƙa zuwa mini daga waje ana kirana farfesa, alhali teburi ɗaya muke rabawa da mai ajiye fayil. Na yi ta mayar da amsa ina gyara musu, har na gaji da sayen kan sarki.

Da yawancin manya suka yi ritaya ɗakin binciken ya dawo hannuna, sai na ce daga yau mai aiki a gaba, jagora a baya. An yi ta gunaguni, wani ma ya ce na ɓata tarbiyya. Na dai tsaya a kai, domin na san abin da tsohon tsarin ya yi mini. Sakamakon shi ne, da ina ƙarami ƙarshen layi wurin ƙarami ne, da na girma ya koma wurin babba. Ni ban matsa ko'ina ba.

Na uku. Fom ɗin kwamitinka yana da gurbi ɗaya tak na ba da maki, na maƙalun da mutum ya zo farko a cikinsu. Na yi wa sakatare wannan bayani duka, ya saurara da kyau, sannan ya rage murya ya ce, oga, ai abin da sauƙi, guda biyu kawai fom ke nema. Yana nufin maƙalu biyun Dakta Rifkatu, likitar da nake horarwa, waɗanda muke shirin aikawa a lokacin. Shekara uku tana tasowa daga Masaka cikin cunkoson motocin nan tana wannan aiki. Ita da kanta ta same ni a ofis, ba ta ko iya kallona, ta ce in sa sunana a gaba, ita tana da sauran lokaci. Wallahi tunda nake aiki ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya dame ni. Idan ban samu muƙamin nan ba, a ƙarshen wannan shekara zan yi ritaya. Mai muƙamin farfesa yana da ƙarin shekara biyar, kuma su nake nema, ba hula da riga ba. 'Ya'yan matan da na yi wa aiki a farkon zuwana yanzu su ke shigo mini da irin kumburin iyayensu. Mama Ladi, ɗaya daga cikin na farko, ta kawo mini babbar 'yarta bara. Tana zama ta ce, likita, abin wuyana yana nan cikin firij? Kar ka bari wuta ya tafi, ka duba shi tare da na yarinya. Abin da nake so in yi ke nan, in gwada na uwa da na 'ya, ko a gane mai hatsarin kamuwa tun wuyanta bai tashi ba. Mun fara, ba mu kai rabi ba. Matsayin Dakta Rifkatu bai kai a ba ta ɗakin ba tukuna, kuma mutanen sashen gine-gine sun riga sun zo da abin awo, an ce za a mai da shi ofis. Raina a ɓace yake, kuma ina jin tsoro.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A karanta maƙalun kansu, ba jerin sunayen kawai ba. A tambayi waɗanda ke raye cikin masu suna a tsofaffin maƙalu wa ya riƙe wuƙa, wa ya zauna gaban na'ura. Ana iya farawa da kai, ranka ya daɗe, tunda ba sai an biya kuɗin mota ba. Idan duk da haka kwamiti ya tsaya kan fom, to a naɗa wanda zan damƙa wa firizar a rubuce, kuma shi zai je Tungan Maje ya yi wa Mama Ladi bayani, don ni ba zan iya ba.

Game da shawarar sakatare, kada a jira ni. Maƙalu biyun sun tafi ranar Litinin, sunan Dakta Rifkatu a gaba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan wannan kujera, ya sa ka sauka daga kanta da mutuncinka.

Wassalam.

Naka,
Dakta Sa'adu,
Sashen Tiyata.