Sawun da Ba Na Akuya Ba

Ɗanzomo, cikin watan Safar, 1343

Zuwa ga Goggona Hajaratu, a Fashar, kan hanyar Hajji.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya ke da Malam Ishaƙ, ya sauƙaƙa muku sauran tafiya. Mu nan lafiya lau. Ciwon ƙafar Iya ya yi sauƙi. Ruwa ya ɗauke da wuri bana, amma gero ya kama, sai godiya. Baba ya ce rubutuna ya gyaru, shi ya sa ya bar ni in rubuto da hannuna.

Goggo, maganar lallenki ce, wanda kika dasa a bayan danga kika ba ni amanarsa. Duka gindi bakwai ɗin sun yi fure, ƙanshi har zaure. Sai da ciyawar daji ta fara bushewa muka wayi gari an cinye tohon gindi biyu, ga sawun kofato a ƙasa. Kawu ya duba ya ce akuya ce, kuma babu mai akuya kusa sai maƙwabciyarmu Larai, aminiyarki. Kin san nauyin a ce mutum ya saki dabba kafin a yi girbi. Larai ta rantse akuyarta ba ta bar turke ba. Kawu ya ce to, sai dai in turken ne ya biyo ta. Daga ranar ta daina shigo mana.

Ga laifina. Kwana biyu bayan haka na fita da hantsi zan zuba wa lallen ruwa, na ga mai ɓarnar da idona. Gada ce, ramammiya, haƙarƙari a waje, tana ci tana waige. Ta ba ni tausayi, don na san in na faɗa za a kira Dogo maharbi. Kuma ban san yadda zan buɗe baki a gaban Kawu in ce ba daidai ya gani ba. Sau uku ina zuwa ƙofar zaure ina komawa. Kafin in yi ƙarfin hali, Ɗantsoho mijin Larai ya ja akuyar zuwa kasuwar Maigatari ya sayar, wai zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ita ce akuyar da take tatsa wa 'ya'yanta.

Daren ranar na faɗa wa Iya ina kuka. Ta ce kunyar da ta cuci maƙwabci ba kunya ba ce. Ta kai ni gaban Kawu na maimaita. Ya tashi ya sa hularsa ya nufi gidan Ɗantsoho. Da ya dawo na roƙe shi kada a kira Dogo, ya ce in na iya tsare lallen ba da kibiya ba, ya yarda.

Washegari ina jan ƙayar magarya ni kaɗai, hannuna duk jini, sai ga Larai da nata damin a ka. Ban iya ɗaga ido ba. Ta ce in matsa, ba haka ake shinge ba, gada tana bi ta ƙasa ne. Ta nuna mini yadda ake cusa ƙayar a gindi a danne da itace, muka barbaɗa toka a kewaye. Da na fara ba ta haƙuri ta ce akuya dai ta tafi, kada lallen Hajaratu ya bi ta. Gindi huɗu suka tsira, kuma yau kwana tara babu sabon sawu.

Abin da nake roƙo, Goggo, ki yarda in cire gindi biyu in dasa wa Larai a gidanta. Na san ba su kai akuya ba, amma ba ni da abin kaina, su ma naki ne. Ba zan taɓa su ba sai amsarki ta zo, ko da za ta shekara a hanya.

Iya da Baba da Kawu suna gaishe ku, haka Rabi da Gwadabe. Larai ta ce ki sa ta a addu'a in kin ga Ka'aba.

Wassalam. 'Yarki mai neman gafararki,
Asama'u