A Juya Injin Ya Fuskanci Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Manaja, Ma'aikatar Haɗa Injinan Lantarki, Kumasi.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ne Alhasan mutumin Salaga, wanda injin naɗa wayar tagulla ya cinye wa yatsu uku na hannun dama bara. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Ga kuma zumuɗi, don na gano abin da ke cin hannuwanmu!

Na farko, ba sakaci ba ne kamar yadda fomanka, mai kula da ma'aikata, ya faɗa. An girka injin yadda mai aiki zai ba ƙofa baya. Mu kuwa, a yi mana sallama mu ƙi waiwayawa? Ba a haife mu haka ba. Wani dattijo ya shigo da sallama, na waiwaya in amsa, waya ta fizge hannuna. Haka ta faru da Mahama na Yendi, haka da Salifu na Bawku. Yau kunyar sa hagu a akushi ta sa ni kaɗai nake cin tuwo, abin yana min ciwo.

Na biyu, na ji ka hana gaisuwa a wurin aiki, wanda ya amsa a kore shi. Wannan doka ba za ta kama ba. Ƙanena Isufu ne ke tsaye a gurbina yanzu, kuma na san halinsa, ko akuya ta gifta sai ya tambaye ta gajiya. Ko ka kore shi, ko injin ya yi masa irin tawa.

Na uku, albishirinka! Jiya ina zaune wurin masaƙan unguwarmu, sai na lura duk hanya suka fuskanta. Mai wucewa ya gaishe su, su amsa har da tambayar iyali, wuya bai juya ba, ƙoshiyar saƙa ba ta tsaya ba. Wallahi zabura na yi ina ihu, har suka zaci kunama ce ta harbe ni!

Don haka ina roƙo a juya injin ya fuskanci ƙofa, a janye dokar nan. In an yi, ka kira ni in riƙa koya wa sababbin ma'aikata, yatsu biyu sun isa nuni.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya bar maka yatsunka goma. In ka shiga duba wurin kafin a juya injin, don Allah kada ka yi wa Isufu sallama. Zai amsa.

Wassalam.

Naka, Alhasan, Salaga.