Kowane Kuskure da Sunansa

Litinin, 3 ga Maris

An haɗa ni aiki da Mzee Barasa, wato dattijo Barasa. Duk faɗin ofishin nan ba a ga kowa ba sai ni, Moraa. Tsohon ma'aikacin banki ne, tun zamanin da kwamfuta ke cin ɗaki guda. Kiprono, mai kamfanin, ya ɗauko shi kwangilar wata ɗaya, wai ya taya ni gyara manhajarmu, wadda nas-nas na ƙananan asibitocin ƙauye ke tura mai naƙudar da ta zo da gardama zuwa babban asibiti, a aiko mota.

Ya zauna da flas ɗin shayinsa yana karanta aikin, yana tsaki kamar tsaka. Can ya ce, "'Yata, in abu ya lalace, me nas take gani?" Na ce, "An samu kuskure, a sake gwadawa." Ya ce, "Ko me ya lalace?" Na ce ko me. Ya ce, "Wato likitan da kowa ya zo sai ya ce masa ba ka da lafiya, ya sallame shi."

Ba ni na rubuta wannan ɓangaren ba. Gadonsa na yi daga wanda aka fara ba aikin. Amma ni aka kalla.

Laraba, 5 ga Maris

Mzee ya cinye allon ofis da zane. Wai kurakurai dangi ne: uwa ɗaya a sama, 'ya'ya a ƙasa, kowa ya gaji uwar ya ƙara da halinsa. Yankewar Sabis daban, Babu Gado daban, Izini Ya Ƙare daban, har da wasu jikoki da ban ma gane ba. Safiya guda muka kashe kan suna ɗaya. Na ce Mzee, sai dai mu sayo rago a yi taron suna. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Abin da ba shi da suna ba a kiransa ya amsa."

Ga go-slow ɗin Nairobi a Ngong Road, ga ruwa, ga matatu, motar hayar da na shiga, mai kiɗa kamar gidan biki. Na iso gida kaina kamar zai tsage.

Alhamis, 6 ga Maris

Mzee ya dawo mini da aikina. Abin yana aiki lafiya lau, sunan da na sa masa ne bai yi wa Mzee ba. Suna!

Talata, 11 ga Maris

Kiprono na rawar kai, manyan jami'an lafiya za su zo ganin manhaja mako mai zuwa. Ashe a ƙarshen mako ya sa an juya duk saƙonnin daga Turanci zuwa Swahili, ya ɗora su a manhajar da hannunsa, bai gaya wa kowa ba. Yau yake faɗa yana washe baki. Na ce ya yi kyau. Mzee ya ajiye kofi, ya ce a ba shi ya duba tukuna. Kiprono ya ce, "Kalmomi ne kawai, Mzee, ba injin jirgi ba."

Laraba, 12 ga Maris



Bayan abincin rana Sista Kanini ta kira, nas ce a wani ƙauye can yankin ƙabilar Kamba. Ko gaisuwa babu. Wata mai naƙuda na zubar da jini a gabanta, ta tura neman mota, waya sai juyi take, tana cewa a sake gwadawa. Ta sake, ta sake. Ina jin kukan matar a bayanta.

Mzee ne ya gano. Babban asibitin da ke kusa ya cika, ya amsa cewa babu gado. Da can manhajar takan leƙa cikin saƙon ta nemi kalmomin Turanci na "babu gado", in ta gani ta wuce asibiti na gaba. Yanzu saƙon ya koma Swahili, ba ta gane shi ba, ta ɗauka sabis ne ya yanke, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya.

Ban tsaya gyara ba. Na kira asibiti na gaba da wayata, na yi ta ihu har suka ce a kawo ta, amma motarsu ta fita. A bayan a-kori-kurar wani mai shago aka ɗauke ta.

Ban san ko ta kai ba. Kanini ba ta ɗaga waya.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta rayu. Jaririyar na cikin kwalba, an ce da sauƙi.

Kanini ta ce, "Ku can Nairobi kuna danna maɓalli, mu nan jini muke gogewa. In babu gado ku ce babu gado, ni ba yarinya ba ce." Ta kashe. Na shiga banɗaki na daɗe.

Juma'a, 14 ga Maris

Abin da ya fi ba ni haushi, Mzee bai ce "ai na faɗa" ba. Na jira, na jira. Da ya faɗa da na sami abin riƙewa. Sai kawai ya jawo kujera ya ce mu fara. Yanzu manhaja ba za ta ƙara sauraron lafazin kuskure ba, danginsa za ta tambaya. "Mutum na iya canza harshe," in ji shi, "ba ya canza uwa."

Amma mun yi faɗa, na gaske. Yana so kowane ɗan tari ya sami nasa suna. Na ce a'a. Kada a haifi sabon kuskure sai in akwai abin da nas ko manhaja za ta yi dabam saboda shi: wannan a jira a sake, wannan a wuce gaba, wannan a gyara abin da aka cike. In maganinsu ɗaya ne, sunansu ɗaya. Nas mai jini a hannu ba ta da lokacin haddace zuriya. Na zaci ya yi fushi. Sai ya tashi ya goge rabin allon da hannun rigarsa. Ya ce, "Ci gaba."

Ci gaba kawai. Ko "kin yi daidai" babu. Mutumin nan!

Lahadi, 16 ga Maris

Na je Rongai wajen yayata Kwamboka. Ta ce murhun gas ɗinta ya lalace. Na ji bakina na cewa, "Wane irin lalacewa? Ba ya kamawa ne, ko yana kamawa ya mutu?" Ta bi ni da kallo, muciyar ugali, tuwon masara, a hannu. Ta ce, "Ke kuma yaushe kika tsufa?"

Laraba, 19 ga Maris

Mzee ya tafi ganin likita saboda gwiwarsa, Kiprono ya ga fili. Ya zo da murmushin nan nasa, wai kafin baƙi su zo in ɓoye "Babu Gado", in mayar da tsohon saƙo. Kada jami'ai su ga asibitocinsu a cike su ji kunya, su fasa sa hannu. "Na kwana biyu ne kawai, Moraa."

Na ce manhajar da baƙi za su gani ita ce a hannun Kanini, masu naƙuda kuma ba sa jiran baƙi su tafi. Ya ce kamfanin nasa ne. Na ce gaskiya ne, ga kwamfuta, ya goge da hannunsa kamar wancan karon. Fuskarsa ta canza. Ya fita ya buga ƙofa.

Wataƙila na kori kaina. Ban ci abinci ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Baƙin sun zo, sun sha shayi da mandazi, fanken garin nan, sun gani. Da "Babu Gado" ya fito, wata a cikinsu ta ɓata rai, wani kuma ya tambaya ko za a iya tara masa yawan fitowarsa a kowane asibiti. Ana iyawa mana, tunda yanzu yana da suna. Ba su sa hannu ba, ba su fasa ba. Kiprono ba ya mini magana sai ta saƙo.

Kanini ta turo hoton wayarta: asibitin farko ya cika, an wuce na biyu, mota na hanya. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Na nuna wa Mzee. Ya gyara tabarau ya ce akwai waƙafi inda bai kamata ba.

Allah ya ba ni haƙuri.

Alhamis, 27 ga Maris

Litinin kwangilarsa ke ƙarewa. Ya fara kwashe takardunsa, ya bar mini bayani kan ɓangaren aika motoci, wanda ya ce ya fi na baya ruɓewa. Na duba. Ya ruɓe ɗin.

Na sami Kiprono a ofishinsa na ce a ƙara masa lokaci. Don aikin ne, ba wani abu ba, ni kaɗai ba zan iya da motocin nan ba. Ya kwantar da baya a kujera, ya ce, "Ba ke kika ce tsohon nan ya hana ki numfashi ba?" Na ce har yanzu yana hana ni. Ya yi dariya, karo na farko tun ranar da ya buga ƙofa, ya ce zai duba.

Na kai bakin ƙofa na juyo, na roƙe shi abu ɗaya. In ya amince, ya ce shawararsa ce. Kada Mzee ya ji daga ina ta fito.