Ƙibar da Muka Yi wa Murna

Briqueterie, Yaoundé
Ranar Lahadi, cikin damina

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ina rubuta ta ne domin a gidan nan babu wanda zan iya gaya wa abin da ke cikinta. Ka ga har sunanka na rubuta, sunan da kunyar ɗan fari ta hana bakina kira tun da aka raɗa maka shi.

Ka rasu ranar Alhamis bayan la'asar, a asibiti, kana da shekara ashirin da uku, a wannan shekara da aka zabtare albashinmu na malaman lise, wato makarantar sakandare. Mun kai ka makwancinka washegari da safe. Likita ya ce zuciyar da aka haife ka da ita ce ta gaza. Wannan mun sani tun kana jariri, lokacin da leɓunanka ke yin shuɗi in ka yi kuka.

Baffanka Sale yana nan yana yanka, ko da yake kasuwar nama ta mutu, mutane sai ƙashi da kayan ciki suke saye. Abokanka na fakulte, can jami'a, sun zo gaisuwa. Ni kuwa ina zuwa aji, in koyar, in dawo. Na gaji, Nasiru, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Ka tuna yadda ramarka ta dami kowa? Innarka, uwar da ta haife ka, ta ɗauke ta abin kunya a unguwar mahauta. Saboda haka Baffanka ya riƙa aiko da tozo da kitse, ita kuma tana kwarara maka man shanu a tuwo. Ba ka ɗaukar guga, ba ka ƙwallo, ko kasuwar Mokolo sai a taksi. Da ka fara cika, aka buɗa maka riguna, mata suka riƙa shigowa yi wa Innarka barka, wai ka murmure. Ni ma da karatuna na dubi sikeli na gode wa Allah.

A jinyarka ta ƙarshe likitan ya ja ni gefe, ya ce in taɓa damtsenka. Na taɓa, na ji taushi har ƙashi. Ya bayyana mini cewa nauyin nan kitse ne da ruwa, tsoka kuwa ta zube domin ba a taɓa barin ta yi aiki ba. Ya ce mai irin zuciyarka yana bukatar ƙarfin ƙafa, da tafiya kaɗan-kaɗan bisa awon likita. Bai ce hakan zai gyara zuciyar ba. Ya ce da ka ƙara samun ƙarfin jure mata. Na gode masa, na fito na zauna a benci.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Wata rana ina dawowa daga lise na hango ka kana hawo tudun unguwar Madagascar a ƙasa, kai da abokanka, alhali da taksi aka ce ka dawo. Kana haki, kana tsayawa, kana dariya. Na raɓe bayan shagon wani tela har kuka wuce. Ban yi maka faɗa ba, ban kuma kai ƙararka ba. Daɗi na ji, ɗana. Me ya hana ni faɗa maka tun a ranar?

Yanzu ga ƙanwarka Zainabu. Bayan rasuwarka an auna ta, an sami irin ciwonka, sai dai nata bai kai naka ba. Likita ya ce ta riƙa tafiya kullum, a rage mata maiƙo. Ni kaɗai ya gaya wa, domin Innarka ba ta iya taka ƙofar asibitin nan. Ita kuwa tun da ta ji sunan ciwon daga bakina ta hana yarinyar ko shara. Tozon da ake aiko maka, yanzu ita ake aiko wa. Jiya na ji tana yaba kumatunta.

Ta yaya zan hana ba tare da na faɗi dalili ba? In na faɗi dalilin, me zai rage wa matar da abin da ke riƙe da ita shi ne cewa ta ciyar da kai iyakar ƙarfinta? Ina tsayawa gaban aji in yi bayani ba gargada, amma wannan magana na shirya ta, na sake shiryawa, da na ga fuskarta sai in tambaye ta ko an kawo ruwa a famfo.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ka kwanta lafiya, ɗana. Zainabu tana zaune a tsakar gida, kuma har yanzu ban gaya wa Innarka ba.

Mahaifinka,
wanda ke yi maka addu'a bayan kowace salla.