Shafin da Na Tsallake

Zuwa ga Yayana Umaru,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya aikin jirgin ƙasa a Kaduna? Mu nan Wurno lafiya lau.

Littafin da ka aiko, na matar da aka saki a birni, Yaya Rakiya nake karanta wa da yamma. Tun da aurenta ya mutu ta dawo daga Kano, ba ta fita daga ɗaki. Jiya da na zo shafin sakin, tsoro ya kama ni, na tsallake shi.

Ta ce, "A'i, mi kinka ɓoye? Mace ba ta ɗaure kayanta haka kawai. Koma baya."

Na koma baya, na karanta mata shafin. Ta yi hawaye, sannan ta ce, "Ita ma ta baro turminta can? Wauta irin tawa." Sai ta yi dariya, ta yi ta ba ni labarin maƙwabtanta na Fagge har magariba.

Yau da safe ita ta ɗauki tulu, muka tafi rijiya tare.

Ka taya mu da addu'a. Inna da Baba na gaishe ka.

Ƙanwarka,
A'i